Wa Ya Fi Gaskiya, Mai Tafiya ko Mai Zama?

Ni malamin makaranta ne a Lambara, kan hanyar nan da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari. Cikin abubuwan da aka ɗora mini in koya wa yara har da tarihi. Ran nan ina ba 'yan babban aji labarin zuwan Turawa, na kawo inda Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya sadu da Turawa, sai wani yaro daga can bayan aji ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to, cikinsu wa ya fi gaskiya?" Na ce masa duk biyun manyanmu ne, Allah ya jiƙansu. Ya koma ya zauna. Amma da na dubi fuskarsa na ga ya san ban amsa ba, ni kuma na san ban amsa ba. Tun daga ran nan maganar ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in kawo ta gaban masu karatu, ko da ya ke na san akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba.

Ba a yi wa mutum shari'a sai an san halin da ya sami kansa ciki, saboda haka mu fara duban yadda duniya ta ke a wancan zamani. Cikin 1898, a Omdurman ta ƙasar Sudan, rundunar Ingilishi ta kashe mutanen Halifa wajen 10,000 a yini guda, su kuwa waɗanda aka kashe musu ba su cika 50 ba. Cikin 1899 Faransi suka kama Damagaram, cikin 1900 suka kashe Rabe a Kusuri. Habasha ce ta tsira, da ta kori Italiya a Adawa cikin 1896, ita ma don Sarki Manalik ya yi shekaru yana tara bindigogi irin na abokan gabansa ne. A nan ƙasarmu kuwa Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi cikin 1901, Bauci cikin 1902, Kano ran 3 ga watan Fabrairu, 1903. Labarin garuruwan nan ya yi ta isowa Sakkwato cikin wasiƙun sarakuna, wasiƙun nan kuwa da yawa ta hannun Waziri su ke bi. Ku riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Ran 15 ga watan Maris, 1903, aka gamu a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sojan Turawa ba su cika dubu ba, yawancinsu kuwa baƙar fata ne irinmu, da yawa ma Hausa su ke ji. Amma suna da igwa, suna da bindiga mai ruwa. Tun rana ba ta take tsaka ba an gama. Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar bisa gadon sarauta ba, ya fita da waɗanda suka bi shi.

Kada wani ya ce gudu ya yi. Mutumin nan tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ne, daular da ya gada kuwa da hijira aka kafa ta. Cikin Fabrairu na 1804 Shehu ya bar Ɗegel ya tafi Gudu don kada ya zauna ƙarƙashin hukuncin da bai yarda da shi ba, bayan shekara biyu kuma ya wallafa littafi sukutum a kan wajabcin hijira. Mu mutanen nan yankin ba sai an ba mu labarin Shehu daga nesa ba, ga Sifawa nan inda ya zauna kusa da mu, ga Boɗinga ta ƙanensa Abdullahi. Ashe ke nan abin da Attahiru ya yi, karatun gidansu ne ya biya. Jama'a kuwa sun gane haka, don duk inda ya ratsa sai mutane su bar gonakinsu ga damina na gabatowa, su ɗaura kaya su bi shi, talakawa da malamai da masu sarauta. Turawa suka yi ta bin sawunsa har Burmi, can wajen kogin Gongola. Ran 27 ga watan Yuli aka yi karon ƙarshe, aka kashe shi da mutum fiye da 600, babban hafsan Turawa shi ma ya faɗi a wurin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, wanda ake kira da sunansa, zuriyarsu na can.

Waziri Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo, shi ma ya fita gari ran da aka yi yaƙin. Amma bai yi nisa ba ya tsaya, ya shawarci malaman da ke tare da shi, ya komo. Ran 21 ga watan Maris Gwamna Lugga ya tara manyan gari, aka tabbatar da Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba bisa sarauta, ya gaya musu ƙasa ta zama ta Sarkin Ingila, naɗin sarakuna da sa haraji sun koma hannun Gwamna, amma ba za a taɓa musu addini ba. Waziri na tsaye a wurin.

Abin da ya sa na ke girmama mutumin nan shi ne, bai yi kamar abin bai dame shi ba. Ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abuta ilmi da tunani, ya bayyana yadda aka yi, da hujjar malaman da suka ce ya halatta a yi wa mai ƙarfi biyayya da baki ban da zuci in ana tsoron halakar jama'a. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai da ya aika wa Alkali Ahmadu ɗan Sa'adu na Gwandu yana neman fatawa. Alkali ya kwantar masa da rai, ya nuna masa cewa in kowa ya tashi, ƙasar da ke ta Musulunci za ta koma ta wasu. Wanda ya sayar da garinsu don kwaɗayin rawani ba ya kwana yana juyi, balle ya rubuta wa malamai yana tambaya ko ya yi ɓarna.

To, yanzu ga amsar da na kasa ba yaron nan a aji. In dai a kan abin da ya faru cikin 1903 ne, ni na fi karkata wajen Waziri. Ba don ya fi Attahiru tsoron Allah ba, wannan ba mai sani sai Shi. Ba kuma don abin da ya biyo baya ya gaskata shi ba, gama ba adalci ba ne a auna aikin mutum da ƙarshen da bai gani ba, shi bai san za a bar masallatai da alkalai ba, alkawari kawai aka yi masa, alkawarin mai bindiga kuwa. Dalilina shi ne, hijira ta mai ƙafa ce da mai doki. Tsohuwa fa? Makaho fa, da mai jego, da yaro na goye? Waɗannan su suka fi yawa a kowane gari, ba kuwa mai sa sunansu cikin waƙa. Shehu da ya bar Ɗegel yana da inda za shi, tafiyar 'yan kwanaki ce, abokin gabansa kuma da takobi da mashi irin nasa ya ke yaƙi. Cikin 1903 kuwa arewa Faransi ne, kudu Ingilishi, gabas Jamus da Faransi, bayansu kuma Ingilishi a Sudan. Waziri, mai karanta wasiƙu, ya fi kowa sanin haka. Attahiru ya ɗauki tuta ya fitar da ita don kada a ce an miƙa ta da hannu, ya kuwa biya da ransa, ba mai rage masa wannan. Waziri ya ɗauki waɗanda ba su iya bin tuta. Cikin kaya biyun nan na biyu ya fi nauyi a ganina, don mai shi zai rayu yana jin ana zunɗensa.

Sai dai in faɗi gaskiya, ni ba alkalin kirki ba ne cikin wannan shari'a, ku ma masu karatu haka. Mu duka da mu ke nan 'ya'yan waɗanda suka zauna ne. Da za a kai tambayar nan wata makaranta a Mai Wurno, watakila malaminsu ya amsa dabam, shi ma da hujjarsa.

Da maganar ta tsaya nan da na huta. Amma ba ta tsaya ba, don bayan shekara uku aka zo karɓar bashi, a nan ƙofar gidanmu kuwa.

Satiru wani gari ne kudu da Sakkwato, kamar mil 14, mazaunin talakawa da malaman ƙauye da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Cikin 1904 wani malami a can ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Farkon 1906 sai ga wani malami makaho, ana ce masa Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar Zabarma inda aka yi wa Faransi tawaye, ya sauka wurinsu. Wuta ta haɗu da ƙaiƙayi. Ran 13 ga watan Fabrairu suka faɗa wa maƙwabtansu na Tsomau da suka ƙi binsu, suka kashe mutane. Kada mu ɓoye wannan don tausayin abin da ya same su daga baya, jinin mutanen Tsomau ma jini ne. Kashegari mai riƙon Razdan ya fito da sojan doki don ya kama shugabanninsu. Mutanen Satiru suka fito da gatari da fartanya da kwari da baka, suka auka musu tun ba su gama shiri ba, suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa.

Ku dubi shekarar, jama'a. 'Yan watanni kafin nan, cikin 1905, Japan ta ci Rasha da yaƙi, duniya ta ga ashe Bature ma ana kā da shi. A Tanganyika ana cikin tawayen Maji Maji a kan Jamus, a Natal ta Afirka ta Kudu kuma Zulu sun fara tayarwa saboda kuɗin kai. Yawancin sojan Lugga suna can ƙasar Tibi. Turawan da ke Sakkwato 'yan ƙalilan ne, ransu na hannun Sarkin Musulmi. Da ya ɗaga yatsa, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Bai ɗaga ba. Ya tsaya tare da su har gudummawa ta iso. Ran 10 ga watan Maris soja fiye da 500 suka nufi Satiru, da dawakin Sakkwato tare da su. Aka kashe mutum wajen 2,000, aka bi waɗanda suka gudu cikin daji, aka kwashe mata da yara dubbai aka watsa su, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sāke gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho aka yi masa shari'a a Sakkwato aka kashe shi. Satiru ta zama kufai. Har a Landan sai da abin ya tā da hankalin wasu, Mista Cacil, wanda daga baya ya shugabanci Ingila a yaƙin Hitila, lokacin yana mataimakin ministan ƙasashen mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa da kisan taron mutanen da kusan ba su da makami. Sarkin Musulmi kuwa aka ba shi lambar girma.

Babban alhaki na masu bindiga ne, da wanda ya aiko su daga Zungeru. Wannan ba ya bukatar gardama. Amma ni ba shari'ar Turawa na zo yi ba, tamu na zo yi. Shin hujjar da ta wanke zaman 1903 ta isa ta wanke Satiru?

In sarakunan wancan zamani za su yi magana, suna da abin faɗi. Za su ce mutanen nan sun bi mai da'awar ƙarya, sun zub da jinin maƙwabta, sun ƙi biyayya. Za su ce da mun bi su, da abin da ya sami Satiru shi zai sami Sakkwato da Wurno da Gwandu, ga Haɗeja nan shaida, wadda aka ci cikin Afrilu na wannan shekara aka kashe sarkinta. Na karɓi wannan duka. Ƙin shiga tawayen da ba shi da makoma hankali ne. Kama waɗanda suka yi kisa a Tsomau a yi musu hukunci aikin sarki ne. Amma malamanmu na fiƙihu da suka ce lalura tana halatta abin da aka hana, su ne kuma suka ce ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa za ta kashe an yarje masa ya ci mushe, abin da zai riƙe ransa, ba a ce ya yi kilishi ya kai kasuwa ba. Wace lalura ce ta sa a bi mai gudu a sare shi? Wace ce ta sa a raba uwa da garinsu, a la'anci ƙasar noma?

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna. Cikin 1903, abin da tilas ta sa Waziri ya yi abu ne da ransa ke ƙi, ya yi hasara da shi, girmansa ya ragu, shi ya sa ya kasa barci. Cikin 1906 kuwa, abin da tilas ta ce a yi ya zo daidai da abin da masu mulki ke so. Garin da ke ɓoye bayinsu, ya hana haraji, ya ce malamin ƙauye ya fi mai rawani, ko ba Bature ai ƙaya ne a ƙafarsu. To, duk ran da mutum ya ga tilas da son ransa sun kama hanya guda suna tafe suna hira, ya kamata ya tsaya ya dubi fuskar tilas ɗin nan da kyau, ko ita ce, ko wani ne ya ari rigarta.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. A wata makaranta da na taɓa aiki, wani na gaba da ni ya sa ni in rubuta yawan yara fiye da waɗanda ke zuwa. Na yi gardama, ya nuna mini cewa masu neman aikina suna da yawa. Ina da iyali, ga mahaifiya tsohuwa, na rubuta, na kwana ban runtsa ba. Zango na biyu ya tuna mini da baki kawai, na rubuta. Zango na uku ba wanda ya ce mini kome, an ma ɗauke shi daga wurin, na ɗauki alƙalami na cika da kaina, don na ga takardata ta fi kyau haka, ba a kuma zo mini da tambaya. Da wani ya tare ni ran nan, da na rantse masa tilas ce. Ƙaramin abu ne, ban haɗa shi da jinin mutum 2,000 ba, amma hanyar da zuciya ta bi guda ce.

Su kansu Turawa ba su daɗe ba tambayar ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ran 2 ga watan Agusta, 1914, Jamus ta aika wa Baljiyam cewa ta buɗe hanya sojanta su wuce zuwa Faransa, in ta yarda a bar ta lafiya, in ta ƙi a tattake ta. Sarki Albat ya ƙi, aka mamaye ƙasarsa shekara huɗu, shi yana riƙe da ɗan gefe guda tare da sojansa. Ingila ta shiga yaƙi ran 4 ga wata, ta ce ba ta yarda babba ya taka ƙarami don ya fi shi ƙarfi ba, duniya ta yi ta yabon Albat. Shekara goma sha ɗaya ke nan bayan Giginya. Abin da aka kira jaruntaka a Baljiyam, shi aka kira taurin kai a Burmi. Aka kuma ɗebi samarinmu aka kai su Kamaru da Afirka ta Gabas su yaƙi Jamus saboda wannan magana. Na kawo wannan ne don kada yaranmu su zaci mu kaɗai aka taɓa ƙure wa gudu, ko su zaci akwai wata al'umma da ta gama warware wannan ƙulli.

Zama ya yi amfani, ban musa ba. Cikin shekarar nan ta Satiru aka haifa wa Waziri Buhari ɗa, shi ne Junaidu, wanda ya zama Waziri cikin 1948, ya rayu har 1997, ya tattara littattafan Shehu da na Bello da na Abdullahi ya tsare su, masu bincike daga ko'ina suka yi ta zuwa gidansa suna sha. Da mahaifinsa ya faɗi a Burmi, da wa zai yi mana wannan? Amma 'ya'yan da aka haifa a Satiru cikin wannan shekara su ma 'ya'ya ne, ba wanda ya rubuta inda suka ƙare. Ni dai ba na iya ɗaukar ɗayan in rufe ɗayan da shi.

Da na koma aji na kira yaron nan, na gaya masa abin da na gaya muku, gwargwadon yadda zai gane. Na ce Waziri ya yi daidai da ya komo, Attahiru bai yi laifi ba da ya tafi, amma iznin da aka samu na zama ba izni ba ne na kome da kome, an kuwa wuce iyakarsa a Satiru. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, mu namu kakannin ina su ke ran nan?" Sai na ba ajin duka aiki, na ce kowa ya tafi gida ya tambayi tsofaffinsu abin da suka ji daga nasu tsofaffi.

Ran Litinin suka komo. Biyu suka ce an gaya musu wani nasu ya bi gabas bai komo ba. Ɗaya ya ce nasu yana cikin masu riƙe wa hakimi doki. Yawancinsu suka ce an ce musu ana gida ana sharar gona, don watan Maris ne, damina ta kusa. Shi kuwa mai tambayar ya ce da ya ambaci Satiru, kakarsa ta dube shi ta ce wa ya aike shi, ya tafi ya gaya wa malaminsu a bar tone-tone.